Layi Biyu a Takardar Farashi

Ƙarfe ɗaya saura na dare, Kakuri ta yi tsit,
sai janareta a bayan ɗakin magani yana tari.
Ni ce a tagar biyan kuɗi,
ni da fanka, da kwamfuta mai nauyin tashi.

Suka shigo da shi a naɗe kamar tabarma,
Kamilu, shekara goma sha huɗu,
gwiwa a ƙirji, amai a gaban riga.
Tun sallar isha'i abin ya kama shi,
yana ta cewa ciki ne, ciki ne, Baba,
don wurin da ke ciwon
ba ya faɗuwa a gaban uba.

Dakta Kazah ta leƙo, safar hannu ɗaya a sanye:
"Ƙwan ya murɗe a kan jijiyarsa, jini ya tsaya.
Awa shida yake iya jira. Kunya ta ci biyar."

A wurina ciwo ba shi da ihu.
Harafi ɗaya ne da lamba biyu:
N, huɗu, huɗu.
Na buga. Allo ya ce a jira lambar izini.
Na kira kamfanin inshora,
wata murya ta gode mini da haƙurina,
ta sake gode mini,
ta sa mini kiɗa.

Malam Tanimu ya juye aljihu a kan kanta:
dubu bakwai, duk sun sha gumin Kawo zuwa Sabo,
da katin inshorar matarsa, malamar firamare,
da makullin keken da bai gama biya ba.
"Riƙe wannan, 'yata."
Ban san gurbin da ake rubuta makulli ba.
Na rubuta gaggawa da jan biro,
na sa hannu inda ba hannuna ake nema ba.

A takardar farashi layi biyu ne ke maƙwabtaka.
Na sama: a warware, a ɗaure.
Na ƙasa: a cire.
Tsakaninsu ko tsinin biro ba ya shiga,
na ƙasan ma ya fi araha.
Minti arba'in na zauna da yatsa a sama
kamar mai duban wata,
uban yana jan carbi a benci,
bai san akwai layi biyu ba, ni ma ban faɗa masa ba.

Ta fito tana kwance takunkumi.
"Ya yi baƙi-baƙi, muka sa masa ɗumi, ya dawo ja.
Rubuta na sama. Hagu da dama."

Sai na shiga jero su:
zare biyu, allurar barci,
ledar ruwa uku, auduga, kwanan gado.
Man janareta ba ya cikin jeri, shi asibiti ke haɗiyewa.
Tun da na fara aikin nan
ban taɓa buga adadi mai tsada
da hannu mai sauƙi haka ba.

Bayan mako biyar takarda ta dawo daga Abuja:
an ƙi biya.
Ɗaya, babu lambar izini kafin aiki.
Biyu, hagu ne ya yi ciwo, me ya kai ku dama?
Na amsa: wanda ɓarawo ya shigar masa ta taga
ba ya gyara ɗaya ya bar ɗaya.
Na goge. Na sake da irin harshensu,
na liƙa bayanin likita, na tura.

Har yau fayil ɗin yana teburina, ƙarƙashin kofin shayi.
Makullin kuwa na mayar tun asubar ranar.
Jiya da yamma, a kan gada, cikin cunkoso,
wani keke ya matso kusa da motarmu,
yaro a gefen direba yana karɓar kuɗi.
Ya gan ni. Ya sunkuyar da kai,
kunyar nan dai, ita ba a yi mata aiki ba.
Uban ya danna hon sau biyu.